Goben Tela

Akwai kalmar da ta fi kowace kalma shan aiki a kasuwanninmu cikin goman ƙarshe na azumi, ita ce "gobe". Tela na faɗinta, mai aikin wuyan riga na faɗinta, mai guga da ke jiran a miƙo masa shi ma yana faɗinta. Wanda ake gaya wa ya san ba goben ba ce, mai faɗin ya san an sani, amma sai a yi sallama cikin fara'a kowa ya kama gabansa. Abin da nake so mu tattauna shi ne, wannan goben ƙarya ce, ko kuwa wani irin ladabi ne da muka amince da shi tsakaninmu? In kuma ƙarya ce, alhakinta a wuyan wa yake? Na ɗauki tela ne don shi kowa ya sani, amma zancen ya shafi kafinta da bakanike da mai walda da mai gyaran salula, duk wanda ke karɓar aikin mutane ya sa masu rana.

Ni sana'ata magana ce a rediyo, kuma a ɗakin watsa shirye-shirye agogo ne sarki. In an ce labarai ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ne, baƙon da ke tsakiyar bayani ko wane ne shi sai in nemi afuwarsa in katse shi. Shirin minti talatin ba ya ɗaukar zancen minti arba'in, kamar yadda tiya ba ta cin hatsin tiya biyu komai yadda aka danna. Amma ba zan ɗauko agogon sutudiyo in yi wa tela hukunci da shi ba, domin ni in wata ya mutu ina sa ran albashi, shi kuwa babu mai biyansa sai keken da ke gabansa. Wanda abincinsa ke zuwa a ƙayyade bai kamata ya cika baki kan wanda nasa ke zuwa da damina da rani ba.

Duk da haka lissafi ba ya jin tausayi. A ce tela yana da keke ɗaya, kuma in ya zauna tun hantsi har dare yana iya kammala ɗinki uku. A ce cikin watan azumi ya samu kwana ashirin da shida na aiki sosai. Uku sau ashirin da shida, 78 ke nan. In ya karɓi yadi 120, to akwai mutum 42 da tun ranar da aka yi masu awo ya tabbata ba za su je Idi da sabon ɗinkinsu ba. Ba a san ko su wane ne ba tukuna, shi kansa telan bai sani ba, amma suna nan cikin tulin kayan da ke bayan keke. Ƙaryar, in ƙarya ce, ba a jajibirin Sallah aka yi ta ba lokacin da yake ɓuya a bayan labule yana aiko yaro ya ce maigida ya fita. An yi ta tun ranar da ya miƙa hannu ya karɓi yadi na 79.

To me ya sa ya karɓa? Mutane kan ce haɗama, su wuce. Ni ina ganin amsar ta yi sauƙi da yawa. Shekarar tela ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Akwai azumi, akwai kwanaki saba'in da ke tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba, akwai kayan ƴan lakwal in Oktoba ta gabato, akwai bukukuwan bayan kaka in manomi ya sayar da amfaninsa. Sauran watannin sai facin wando da rage tsawon riga. Abin da ya samu a watan azumi da shi zai biya hayar shago ta watannin da ba a shigo ba. Sai kuma babban dalilin da ba a cika faɗa ba: kafin alƙalami. Duk yadin da ya karɓa yana zuwa da jika biyu ko uku a hannu yau, kuma yau ɗin ake buƙatar zare da maɓalli da man injin wuta da cefanen buɗa-baki, don aljihun shago da na gida ɗaya ne. Wato wanda ya kawo ɗinki ya ba tela rance ne bai sani ba, rancen da babu banki da zai ba shi, kuma abin da aka jinginar masa shi ne ranar da ba za a cika ba. Shi ya sa nake ganin mai koyar da tsara lokaci da ya zo wa ƙaramin ɗan kasuwa da jadawali kaɗai, bai taɓa maganar jari ba, ya kama reshe ya bar tushe. Sau da yawa rikicin lokaci rikicin kuɗi ne ya sake riga.

Wannan ya bayyana dalili, amma bai wanke kowa ba. Domin akwai tambayar da ta fi damuna, ita ce su wane ne mutum arba'in da biyun nan in ranar ta zo? Ba ƙuri'a ake jefawa ba. In babu rubutaccen layi, akwai layin da ke kafa kansa, kuma kowa ya san yadda yake. Alhaji ya aiko da shaddarsa Getzner ana saura kwana huɗu, da direba da kuɗi cikakke, sai a ture abin da ke kan keke. Mai kaki ya leƙo, a ture. Matar da ta iya faɗa, wadda za ta tsaya bakin shago ta tara jama'a, ita ma a yi nata don a rabu da ita. Wanda ake bari a ƙasan tuli shi ne yadin bazawarar da ta kawo na ƴaƴanta uku tun farkon Sha'aban, wadda in aka ce mata gobe sai ta ce "Allah ya kai mu" ta juya. Haƙurinta ne ya sa aka zaɓe ta. Rashin tsari yana da wanda yake yi wa aiki, kullum mai ƙarfi ne da mai baki, kuma yana da wanda yake ci, kullum mai kunya ne da marar gata.

A nan ne na rabu da yadda ake tallar wannan ilimi a tarukan horar da masu ƙananan sana'o'i, inda ake cewa ka tsara lokacinka don ribarka ta ƙaru. Mai yiwuwa ta ƙaru, mai yiwuwa kuma ta ragu a shekarar farko, tunda za ka mayar da aiki. Ni abin da na gani a littafin da tela ke rubuta suna da ranar karɓa da ranar bayarwa shi ne shi kaɗai ne shaidar da bazawarar nan take da ita a shagon. In an rubuta ta a lamba ta tara, to akwai abin da telan zai buɗe ya nuna wa direban Alhaji, ko aƙalla akwai abin da zai tsallake da idonsa a buɗe, ya san ya tsallake. Wanda bai rubuta ba ko wannan ɗan cizon zuciyar ba ya ji, don a wurinsa komai ya cakuɗe ne kawai, aiki ne ya yi yawa.

Na san abin da za a ce mani, don masu kiran waya sun sha faɗa mani a shiri duk lokacin da Sallah ta ƙarato. Za a ce Bahaushe ba ya cewa a'a. Gaskiya ne, kuma ban raina wannan ba. In ƙanwar mahaifiyarka ta shigo da leda ta ce "ɗana, ga na ƙannenka", da wane baki za ka ce Inna littafi ya cika? In limamin unguwa ne fa, ko wanda ya koya maka ɗinkin? "Gobe" a irin wannan wuri hanya ce ta kauce wa kunyata babba a gaban mutane. Sai dai a duba abin da aka yi. An guje wa kunyar minti biyu yau, an sayo ta kwana guda cur ranar Idi, kuma ba telan zai sha ta ba, yaron da zai fita da tsohuwar riga cikin tsaransa shi zai sha. Hausawa da suka ce rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, sun san cewa kunyar da aka ɗaga ba ta ɓacewa, jira take. Ladabin da ke sauke nauyi daga kan mai shago ya ɗora a kan ɗan shekara bakwai, ina shakkar sunansa ladabi. Da Inna ta ji gaskiya ran biyar ga azumi, da ranta ya ɓaci na yini ɗaya ta kai wani wurin. Abin da "gobe" ta ƙwace mata shi ne damar neman mafita tun da sauran lokaci.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Za a ce wane tsari mutum zai yi a ƙasar da ba shi da iko da komai? Wannan ba zancen wasa ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Telan Maradi da ke sayo yadi da zare daga Kantin Kwari ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa ya wayi gari hanya ta toshe, kuran kuma sai an gani. Ba a buɗe iyakar ba sai cikin Maris na 2024, azumi ya riga ya kama. Kafin nan ma Najeriya ta taɓa rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Babu littafin da zai hango wa mai keke ɗaya irin wannan, kuma wanda ya saɓa alkawari saboda shi ba ni da ta cewa a kansa.

Amma mu yi wa kanmu adalci, nawa ne cikin saɓa alkawuran da muke yi irin wannan ne? Akwai ƙaddarar da ke faɗowa babu sallama, akwai kuma wadda ke aiko da goron gayyata tun bara. Ɗauke kuran a bazara na cikin ta biyu. Kowa ya san daga Maris zuwa Mayu zafi ke ƙaruwa, buƙatar wuta ta hau, yankewa ta yawaita. Kowa kuma ya san shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma zuwa goma sha ɗaya, don haka azumi na ja da baya a hankali, sai ya yi kimanin shekara 33 kafin ya zagayo inda ya taso. Wato telan da ya yi azumin bara cikin zafi da duhu ya san kusan yadda na bana zai kasance tun kafin a ga wata. In ya lissafa kwanakinsa kamar wuta ba za ta ɗauke ko sau ɗaya ba, kamar ba za a yi rasuwa a unguwa ba cikin wata guda, kamar jikinsa da ke azumi zai yi aikin da yake yi yana ƙoshe, to ya gina alkawarinsa a kan watan da bai taɓa gani ba tun da ya fara sana'a. Da ya ce 60 maimakon 78, da ya bar wa ƙaddara gurbinta.

Wannan ya kai ni ga kalmar da muke rakiyar "gobe" da ita. Insha Allahu iri biyu ce a bakinmu, kuma kunne na bambancewa. Akwai ta wanda ya yi niyya, ya auna, sannan ya tuna cewa ransa ba a hannunsa yake ba. Akwai kuma wadda ake sawa kamar ƙofar baya, don in ranar ta zo a ce Allah ne bai nufa ba. Ta biyun tana ba ni tsoro, domin mutum ya ɗauki sakacinsa ya jingina ga Ubangijinsa. Ni ba malami ba ne, amma ko ɗan makarantar allo ya ji cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan bashi take magana, kan sa masa ajali sananne da rubuta shi. Addinin da ya ba wa rubuta ranar biyan bashi wannan matsayi ba zai zama shi ne mafakar wanda ya ƙi ƙirga kwanakinsa ba. Kuma aikin da aka karɓi kuɗinsa ba a yi ba, bashi ne.

Masu cewa tsari ɗabi'ar Nasara ce, su ma ban san inda suke duba ba. Manomin da ke ware damin iri ya rataye, yunwa ta ci gidansa a watan bakwai bai taɓa shi ba, shiri yake na shekara guda. Ɗan kolin da ya san Alhamis ta Damagaram ce ko ta Maigatari, Lahadi ta Jibiya, yana da jadawalin mako a kansa da bai taɓa kuskurewa ba, don kasuwa ba ta jiran wanda ya makara. Misalin da ya fi burge ni na mata ne. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan ƙauye ne, akasarinsu ba su yi boko ba, suna haɗuwa duk mako a rana ɗaya, kowa ta zuba abin da aka yanka, a ba da rance da wa'adi, wadda ta makara ta biya tara, in zango ya cika a fasa asusu a raba. Tarar makara a ƙauyen da ake cewa mutanensa ba su san lokaci ba! Sun san shi sarai in sun ga kuɗinsu ne ke ciki. Abin da ya rage shi ne mu ɗauki lokacin wani da irin nauyin da muke ba kuɗinmu.

Akwai wurin da nake tare da tela ɗari bisa ɗari, kuma nan ne littattafan da ake fassaro mana daga waje suke ɓata. Su a wurinsu duk sa'ar da mai shago ya bar shago asara ce da ya kamata a toshe: suna, ɗaurin aure, jana'iza, zaman makoki, dubiya a asibiti. Wanda ya rubuta haka yana da inshora. Telanmu in gobara ta ci shagonsa, ko keke ya lalace, ko matarsa ta kwanta, waɗanda ya je wa gaisuwa su ne za su haɗa masa abin da zai tashi. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar lokaci take ci. Ko da ba don wannan ba ma, mutumin da ya kasa rufe shago ya raka gawar maƙwabcinsa don yana bin jadawali, ban ga abin da ya tsara ba in ban da ƙuntata rayuwarsa. Abin da nake cewa kawai, tunda ya san zai je, ya sa zuwan cikin lissafi. Matsalar ita ce yana ba zumunci sa'o'in da ya riga ya sayar wa wani. Kyauta da kayan mutane ke nan, ya samu ladan gaisuwa da godiyar dangi, bazawara ta biya.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayarsu sam. In aiki ya cakuɗe a goman ƙarshe, yaran shago ne ke cike giɓin. Ɗan koyo mai shekara goma sha huɗu ya kwana yana sa maɓalli da fitilar salula, ya yi sahur a kan benci, gari ya waye ya ci gaba, kwana biyar a jere. Ba albashi yake ɗauka ba, an ce sana'a yake koyo, kuma lallai yana koyo. Yana koyon cewa haka ake yi, ana karɓar abin da ba za a iya ba, a biya da barcin na ƙasa. Ranar da ya buɗe nasa shagon, abin da ya gani shi zai yi. Ɗinkin daren nan ma kowa ya san kamanninsa, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya, aljihu a karkace, yadin jika talatin ya tafi a banza.

Mu masu kai ɗinki kuma kada mu yi saurin wanke hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ne ke sayen yadi ran ashirin ga azumi, wani don sakaci, wani don sai lokacin kuɗi suka shigo, wanda shi ba a ga laifinsa ba. Mu ne ke cewa "a taimaka a saƙala nawa", mun san sarai saƙala namu ture na wani ne, wanda ba mu gani ba balle mu ji nauyinsa. Mu ne kuma in an gama ɗinki da wuri muke barinsa a rataye wata biyu ba mu kawo cikon kuɗi ba, har telan ya koyi cewa gama aiki a kan lokaci ba ya kawo biya a kan lokaci.

A ƴan shekarun nan nakan ga wasu shaguna sun manna takarda a ƙofa tun tsakiyar azumi, wasu tun kafin nan, cewa an rufe karɓar ɗinkin Sallah. Nakan tsaya in karanta ta kamar wata babbar sanarwa, don na san abin da ta ci wa mai ita. Ya bar kafin alƙalamin da yake buƙata a daren nan. Zai ji an ce ya fara girman kai, zai ji an ce tun da ya sayi keken zamani ba ya ganin mutane, wata gwaggo za ta yi fushi da shi har bayan layya. Mai leda a hannu kuwa zai karanta takardar, ya yi tsaki, ya taka zuwa shago na gaba, inda tulin yadi ya kusa taɓa rufi. A can za a tarbe shi da fara'a, a ɗauko tef a yi masa awo, a karɓi jika uku, in ya tambayi yaushe zai dawo a ce masa jibi da la'asar.